Baba Biyu-Biyu Ya Tashi Lambarsa Daga Barci

Duk Ogbomosho babu wanda ya taɓa zama da Baba Fagbenro har aka share kwanon amala ɗaya bai ji lambar nan ba: dubu biyu da ɗari biyu da biyar. Lambarsa ce ta wasan ces, darar nan ta Turawa, irin lambar da hukumar wasan ke liƙa wa kowane ɗan wasa gwargwadon ƙarfinsa, ka ci ta hau, a ci ka ta sauka. Ya rubuta ta a ƙofar shagonsa na siminti, ya rubuta a bayan tsohuwar motarsa, har tela ya sa ya ɗinka masa ita a goshin hula. Tun mutane na kiransa Baba Fagbenro har suka gaji suka koma Baba Biyu-Biyu. Shi kuwa in ka kira shi da sunan gidansu sai ya waiwaya bayansa, wai ya ga da wa kake.

Yadda ya same ta ne ba ya son a tona. Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, yana mai kula da sito a wani ofishin wasanni, aka tafi da shi gasa ƙasar waje don ya riƙe wa mutane jaka. Zawo ya kwantar da ɗaya daga cikin 'yan wasan, aka dasa shi a kujerar, ya buga wasa tara. A zamanin ba a ba namiji lambar da ta gaza dubu biyu da ɗari biyu. In dai ka samu ka shiga, daga nan ake fara maka. Ya dawo gida da biyar a kan mafi ƙanƙantar abin da ake bayarwa, ya naɗe allonsa ya jefa saman sif, bai sake zama wasan da ake lissafi ba. Lambar da ba a taɓa ba kuwa ba ta ruɓewa. Kansa ya yi fari, haƙora suka fara sallama, ita tana nan yadda ya baro ta.

Ana saura 'yan makonni bikin cikarsa saba'in, Lasisi ya zo bencin shago da yamma kamar kullum. Lasisi abokinsa ne tun suna yawo ba wando, tsohon direban tanka, kuma tun da ya ajiye sitiyari ba shi da sana'ar da ta wuce tsokanar Baba Fagbenro. Ya zauna yana latsa waya, ya ce ya duba manyan 'yan ces na jiha bai ga sunan wani ba.

"Ka duba daga sama," in ji Baba. "Kai ka saba neman mutane a ƙasa, inda danginku suke."

"Daga saman na fara, Egbon," in ji Lasisi, wato yaya da Yarbanci. "Na bi har ƙasa. An ce lambarka barci take. Masu buga wasa daban, ku daban."

"Mu su wa?"

"Kai da waɗanda suka mutu ba a sanar da hukuma ba."

Baba ya fizge wayar ya duba da kansa. Ga sunansa can a wani lungu, ga lambarsa cif, amma a jerin masu rai wani yaro ne a sama, wanda Baba ya san ubansa yana tallan burodi. Ya tambayi abin da ke tashin lamba daga barci. Lasisi ya ce wasa ɗaya tak aka ce, kuma ga gasa za a yi ƙarshen mako a ɗakin taron wata sakandare, zagaye shida.

Nan take dabara ta haɗu. Zai shiga, ya yanka yaro ɗaya a zagayen farko, ya ce ƙugunsa na ciwo, ya janye. Lamba ta farka, har da 'yar ƙari, ranar biki mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce ga na ɗaya a jiha. Da ya kai wa matarsa Iya Moji labari tana tsinkar ganyen ewedu na miya, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce abin da ya shekara talatin yana barci bai ci masa ko ƙwayar gari ba, ba ta ga abin da ya tsone masa ido a ciki ba. Baba ya ce harkar ƙwaƙwalwa ce, ba ta miya ba.

Ya iso ɗakin taro cikin farar agbada mai sitati, da hular lamba a ka, Lasisi na binsa a baya don kallo. Alƙaliyar wasa wata malamar lissafi ce, Madam Tito, gajeriya, mai tabarau, ba ta dariya da wuri. Da ta karanto sunansa da lambarsa sai raɗa ta tashi a ɗakin, kowa na leƙensa. Baba ya zunguri Lasisi ya ce ya dubi yadda hantar yara ke kaɗawa. Ba tsoro ba ne. Kallon da mahauta ke yi wa bijimin da ya shigo kasuwa da ƙafarsa ne. A lissafin wasan, in mai ƙaramar lamba ya sha kashi a hannun babba, kusan ba ya rasa komai. In kuwa ya kayar da babban, sai ya kwashi maki kamar an yi ɓarin gyaɗa. Kuma duk ɗakin babu wanda lambarsa ta ko kusanci ta Baba.

A bakin ƙofa akwai kwandon da ake zuba wayoyi. Baba ya dube shi ya yanke cewa na yara ne, ya tura tasa cikin agbada.

Aka zaunar da shi a tebur na ɗaya, bisa dandamali, ƙarƙashin fanka ɗaya tilo da ke aiki. Abokin karawarsa wani siririn ɗalibin jami'a ne da wuya kamar na zalɓe. Kuma a faɗi gaskiya, Baba ya fara da kyau. Ya cinye wa yaron dakare ɗaya, ya yi gyaran murya don jama'a su shaida, ya jingina. Sai waƙar coci ta ɓarke daga cikin agbada.

Maimakon ya kashe, sai ya zaro wayar ya kara a kunne. Iya Moji ce ke neman makullin janareta. Ya ce mata yana fagen yaƙi, ta duba aljihun wandon jiya. Ya mayar da wayar, ya miƙa hannu zai tura doki, sai ya tarar da hannun Madam Tito a kan agogon da ke auna wa kowannensu lokacinsa. Ta ce doka ta hana waya, wasa ya ƙare, ɗalibi ya ci.

Baba ya ce a zamaninsu ba a taɓa kayar da mutum don matarsa ta kira shi ba.

"A zamaninku wayar tana liƙe da bangon gida, Baba."

Ɗalibin ya kwanta rub da ciki ya yi godiya. Lasisi ya kira shi gefe suka karɓo waya daga kwando suka buga lissafi, ya dawo ya ce an cire talatin da bakwai. Baba ya ce ƙarya ne, faɗuwa ɗaya ba ta cin haka. Suka koma wurin Madam Tito. Ta tambaye shi wasa nawa na lissafi ya taɓa bugawa a rayuwarsa. Ya ce tara, kuma kowanne a ƙasar waje. Ta ce to ai shi ke nan, duk wanda bai cika wasa talatin ba sabon shiga ne, lambarsa ninki biyu take motsi, hawa ko sauka.

"A wurin hukuma kai jariri ne, Baba."

"Jaririn da za a yi wa bikin saba'in," in ji Lasisi. "Barka da tashi, Baba Biyu-Ɗaya."

Lamba dai ta farka. Abin da ya kawo shi ya samu, sai tafiya gida. Amma hula na cewa wani abu, mota na cewa abin, ƙofar shago ma haka, hukuma kuwa yanzu tana cewa dubu biyu da ɗari ɗaya da sittin da takwas. Baba ya ce ba zai bar talatin da bakwai ɗinsa a hannun ɗan zalɓe ba, zai buga na biyu ya karɓo. Ya tambayi nawa za a ƙara masa in ya ci. Madam Tito ta ce uku. Ya ce ta sake bugawa. Ta ce uku ne, tunda duk wanda zai ci a ɗakin nan ana sa ran dama zai ci shi. Baba ya juya ya gaya wa Lasisi wai shi ya sa yaran yanzu ke faɗuwa lissafi a makaranta.

Zagaye na biyu aka sauko da shi daga dandamali, don a irin gasar nan kowace faɗuwa tana tura mutum ƙasa, wajen waɗanda suka faɗi kamarsa. Wani ma'aikacin banki ya samu. Wasan ya cakuɗe, Baba ya lura lokacin mutumin ya kusa ƙarewa, sai ya tuna tsohuwar dabara: ka yi ta jan ƙafa har agogo ya kashe maka shi. Amma agogon yanzu ba mai hannu ba ne, kuma duk sanda ɗan banki ya tura abu ya danna, sai lokacinsa ya ƙaru. Baba ya gani sau ɗaya ya ce idonsa ne. Ya sake gani. Ya kira alƙaliya ya ce agogon nan ɗan uwan ɗan banki ne, yana ba shi ruwa a kan ajiya. Ta ce kowa ana ƙara masa in ya yi motsi, shi ma da zai motsa da ya gani. Ya tsaya yana kawo hujja, yana neman 'yar jar tutar da ke faɗuwa a agogon zamanin da in lokaci ya cika. Babu tuta. Yana cikin bayani nasa gefen ya koma sifili.

A mota, da suka kusa gida, Lasisi ya ce ya kamata a nemi telan nan tun da wuri, kuma a gaya masa ya yi ɗinkin sako-sako.

Washegari Baba ya zo da shiri. Abokin wasansa wani fasto ne mai ƙiba da sanyin murya. Rana ta take, ciki ya fara kira, sarkin Baba kuma ya shiga matsi. Sai ya zaro ambulan ruwan ƙasa daga aljihu, ya kare da hannu ya yi rubutu a 'yar takarda, ya saka, ya lashi baki ya manne. Ya tashi ya ratsa tsakiyar ɗaki ya je teburin Madam Tito, ya danƙa mata da hannu biyu, ya rage murya, amma irin ragewar da kowa ke ji.

"Ki adana wannan. Tsakanina da ke ne, kada kowa ya gani. Zan je in ci abinci in dawo."

Madam Tito ta dubi ambulan, ta dubi Baba, ta cire tabarau. Ta ɗaga shi sama ta ce jama'a su zama shaida, tun da ta fara alƙalanci ba a taɓa yi mata wannan cin fuska ba, balle daga sa'an ubanta. Duk tebura aka daina wasa. Fasto ya ce shi dai a iya saninsa ambulan wurinsa yake zuwa, yau ne ya fara ganin ya tsallake shi. Baba na ƙoƙarin magana ta yage bakin ambulan ta zazzage. 'Yar takarda ta faɗo. Ta karanta da ƙarfi: doki ya ci dakaren da ke gaban sarauniya.

Sai da wani tsoho cikin 'yan kallo ya sa baki aka gane. Haka ake yi a da. In wasa ya yi tsawo, mai motsi ya rubuta abin da zai buga a asirce, a rufe, a ba alƙali, kowa ya tafi ya huta, a dawo a ɗora. Madam Tito ta ce ta ji, ta kuma ba da haƙuri, amma tun da kwamfuta ta iya wasan aka binne wannan al'ada, tun tana firamare. Ta nuna masa agogonsa da ke ta tafiya. Baba ya koma ya zauna. Yana hanya ya riga ya gane motsin nan ramin kansa ne, amma ɗaki guda ya ji shi, canzawa kuma ai amsa laifi ne. Ya ɗauki doki ya buga. Fasto ya ɗauke dokin da yatsu biyu kamar mai tsince ƙuda daga miya, bayan 'yan motsi ya ritsa sarki, sannan ya riƙe hannun Baba ya yi masa addu'a doguwa.

Lasisi ya ce an shiga Biyu-Sifili.

Da yamma aka haɗa shi da wata 'yar yarinya da ƙafarta ba ta kai ƙasa daga kan kujera ba. Nan Baba ya ji ransa ya dawo. Ya ce tunda jika ce, ba cinta kawai zai yi ba, har da karatu. Wasa ya yi nisa, sai ya ɗaga sarauniyarsa sama ya nuna mata yadda ya taɓa rikita wani Bature da ita, ya zagaya da ita a iska, ya mayar inda take, ya miƙa hannu ga hasumiya. Yarinyar ta cire alewa daga baki ta ce Baba ya taɓa sarauniya. Wannan doka kuwa ba sabuwa ba ce, ta girmi Baba kansa: abin da ka taɓa shi za ka tura. Shi ne ma ke ba da labarin yadda ya sa wani ƙato kuka da ita. Ya duba duk inda sarauniyar za ta iya zuwa, ko'ina akwai mai jiranta. Ya zaɓi inda mutuwar ta fi mutunci.

A gida Iya Moji ta ajiye masa amala da miyar gbegiri ta ce gobe ba inda za shi. Ciwon ƙugun da ya tanada tun farko, yanzu lokacinsa ya yi. Baba ya taɓa ƙugun, har ya fara jin da gaske yana ciwo.

Da safe sai ga mota a ƙofar gida. Samari uku 'yan gasa suka fito suka zube rub da ciki a tsakar gida, da alale mai zafi a ganye da lemon kwalba. Suka ce sun ji ƙishin-ƙishin Baba zai janye, shi ne suka ce gasar ba ta da armashi in babu shi, ga mota, ga matashin da zai jingina. Baba ya kalli matarsa ya ce ta gani da idonta, wannan shi ake kira girma. Ita dai ta ce alalen ya yi kyau.

Abin da Baba bai sani ba, tun jiya ƙasan ɗakin taro ya fi samansa daraja. Masu neman kofi na can sama suna zufa, masu wayo kuwa sun gane kofi ɗaya ne, Baba kuwa yana rabawa kowane zagaye. Har akwai waɗanda aka ga sun ba da sarauniya kyauta don su gangaro kusa da shi. Kafin a kafe sunayen zagaye na biyar mutane sun taru suna addu'a, Musulmi da Kirista, kowa da irin tasa. Sunan Baba ya faɗa kan mai motar da ta ɗauko shi. Saurayin ya gyara masa matashi, ya buɗe masa lemo, ya yi masa fifita da takarda, sannan ya cinye shi ba tare da wata dokar da za a ɗora wa laifi ba.

Saura dubu biyu da ashirin da ɗaya, saura wasa ɗaya.

Madam Tito, wadda tun maganar ambulan take jin nauyinsa, ta ja shi gefe. Ta ce in ya sake faɗuwa zai sauka ƙasa da dubu biyu. Amma in aka yi kunnen doki, goma sha bakwai kawai za a cire, ya tsira da Biyunsa na gaba. Ta ce ya nemi kunnen doki ko ta halin ƙaƙa. Baba ya gode mata, ya ce zai duba.

Da ya duba sai ya gano ainihin matsalar: ba shi da jama'a. Ɗakin duk 'yan adawa ne, mutum ɗaya da ya zo da shi kuma Lasisi ne. Ya karɓi wayarsa daga kwando ya kira shugaban ƙungiyar sa'anninsa, ya kira makaɗan kalangun da za su yi masa biki, ya ce su zo su ga ƙarshen gasa. Bai ce musu komai game da farkonta ba. Ya aika a ɗauko Iya Moji, ta ce za ta zo, don ba ta son a ba ta labari a gutsure.

Suka iso da rana, dattawa cikin atamfa iri ɗaya, makaɗa na gaba. Madam Tito ta tare ƙofa ta ce babu kiɗa a ciki. Bai dame su ba, don teburin Baba yanzu shi ne na ƙarshe, dab da ƙofa, kusa da inda wata mata ke suyar agada. Duk ɗakin shi kaɗai ake iya kallo daga waje. Shugaban ƙungiya ya tambayi dalilin da ya sa aka kawo babban mutum bakin ƙofa. Baba ya ce shi ya nema, don iska.

Abokiyar wasan wata ma'aikaciyar asibiti ce, Nas Abeke, mace mai jiki, da gajiya kwance a fuska. Ita ma ba ta ci ko ɗaya ba. Duk gasar ita kaɗai ce ba ta yi addu'ar samun Baba ba. Aiki na jiranta da yamma, ƙafafunta sun kumbura, abin da take so kawai ta je gida ta watsa ruwa. Aka yi 'yan motsi kaɗan sai ta miƙo hannu ta ce, Baba, mu raba, kowa ya je ya huta.

Ga abin da ya fi buƙata a duniya an miƙo masa a tafin hannu. Baba ya ji hannunsa na dama ya fara tashi da kansa daga cikin agbada. Daidai nan babban makaɗi ya matse kalangu a hammata ya fara kirari daga waje, wai ga wanda ya ci Turawa a garinsu, ga wanda ba ya raba nama da kowa. Dattawa suka gyaɗa kai. Lasisi ya sunkuyo ta bakin ƙofa, kuma karon farko cikin shekaru babu tsokana a muryarsa.

"Karɓa, Egbon. Don Allah karɓa."

Wannan ya gama komai. Tun suna yara Lasisi bai taɓa ba shi shawarar da babu ƙaya a cikinta ba. In Lasisi ya ce karɓa, to akwai nasara a allon nan da shi bai hango ba tukuna. Baba ya mayar da hannun cikin riga, ya ɗaga murya yadda za ta kai wurin mai suyar agada.

"Ɗiyata, ni ban taɓa raba wasa da kowa ba. Zauna ki koyi abu."

Nas Abeke ta dube shi irin duban da take yi wa majinyacin da ya ƙi allura. Ta janye hannu, ta cire takalma ta ture ƙarƙashin tebur, ta gyara zama.

Ba ta iya wani abin a zo a gani ba, amma ta saba da jira. Baba ya kwaso rundunarsa gaba ɗaya ya afka, don jama'a su ga yaƙi. Ita kuwa sai ta toshe nan, ta toshe can, duk abin da ya matso ta ɗauke ta ajiye a gefe. Makaɗa ba su san ces ba. Abin da suka sani, in aka cire abu daga allo to an ci wani, kuma tunda Baba suka zo yi wa, kowane abu aka ɗauke sai su saki kiɗa. Doki ya tafi, kalangu ya amsa. Hasumiya ta tafi, dattawa suka taka rawa. Da sarauniya ta tafi har liƙi aka yi wa makaɗi a goshi. Madam Tito ta zo korarsu, ta dubi allo, ta koma wurin zamanta.

Sarkin Baba ya rage shi da dakaru biyu a kusurwa. Nas Abeke ta turo hasumiya layin ƙarshe ta ritsa shi, ta sa takalmanta, ta miƙe ta durƙusa ta ce Baba ya yafe mata. Dattawa suka ga mace ta durƙusa tana neman gafara, me ya rage? Kafin Baba ya buɗe baki sun ɗaga shi sama a kafaɗa, makaɗa sun ture ƙofa, aka ratsa da shi tsakiyar ɗaki har kan dandamali, aka dire shi kusa da teburin kofi. Shugaban ƙungiya ya tambayi wanne ne nasu.

Madam Tito ta ɗauki lasifika ta ce tunda an taru, sai a rufe gasa. Ta ba wanda ya zo na ɗaya kofinsa. Sannan ta ce akwai waɗanda suka roƙi a ba su dama su gode wa wani dattijo. Sai ga su sun jeru: ɗalibi, ɗan banki, fasto, yarinya mai alewa, mai mota. Nas Abeke ta riga ta kama hanyar asibiti, ta bar sallahu. Mazan suka kwanta, yarinyar ta durƙusa, kowa ya faɗi makin da ya samu daga Baba da yadda ya daɗe yana nema. Fasto ya ce ya ga masu bayarwa da yawa, amma bai taɓa ganin wanda ya ba kowa ba tare da zaɓe ba. Kalangu ya yi shiru a hammata. Shugaban ƙungiya ya juya a hankali ya tambayi Lasisi wasa nawa mutumin nasu ya ci. Lasisi ya ce alale dai ya ci da safe.

Wani daga baya ya tambayi nawa lambar ta koma. Madam Tito ta so ta share, amma ɗalibi ya riga ya buga.

"Dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin da huɗu."

"Wannan ai ba lamba ba ce, Egbon," in ji Lasisi. "Shekara ce."

Dariya ta fara tasowa daga tebura na baya. Baba ya tsaya da hular Biyu-Biyu a ka, idonsa na yawo, sai ya faɗa kan matarsa da ke tsaye a gindin dandamali da gwaggwaro. Nan fuskarsa ta washe. Ya karɓe lasifika daga hannun alƙaliya, ya gyara agbada kafaɗa da kafaɗa. Ya ce yana tausayin masu dariya, don ba su san manya ba sa abu a banza ba. Ya ce a tambayi duk wani dattijo a nan wace shekara ya auri Iya Moji. Alif ɗari tara da tamanin da huɗu. Wasa shida ya yi yana auna ta, ya ƙi kunnen doki don kada ya kuskure ta, kuma ga shi ya sauka a kanta cif, ba ƙari ba ragi. Wannan kyautarsa ce ga matarsa. In akwai wanda ya iya lissafi irin wannan a ɗakin nan, ya fito.

Dattawa suka fara ƙirga da yatsu, suka ga shekarar ce kuwa. Babban makaɗi har ya ɗaga sandar kiɗa. Kowa ya juya ga Iya Moji.

Ta gyara gwaggwaronta ba gaggawa, ta miƙa hannu aka ba ta lasifika.

"Shekarar ce, bai yi ƙarya ba. Sai dai a waccan shi ya ci, ni na yi asara. Ni kuma babu wanda ya yi mini tayin kunnen doki, da na karɓa."